Sale ya dawo daga yaƙi ya tarar da Dije a ɗakin abokinsa

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Labarin da nake rubutawa ya tsaya mini cak, ku taya ni. A Gombe na kafa shi, lokacin yaƙin basasa. Dije 'yar wani mai awon auduga ce a Jekadafari. Samari biyu ne, abokan juna tun makarantar allo: Sale yaron mota, da Buba ɗan gidan fataken shanu. Sale take so, unguwa duk ta sani, an yi baiko, an ce sai bayan kaka. Yaƙi ya tashi a 1967, Sale ya shiga soja, ya hau jirgin ƙasa ya tafi. Wasiƙa biyu ya aiko, ta biyun daga Asaba, daga nan shiru. Can wani da aka dawo da shi da rauni ya rantse cewa jirgin ruwan su Sale ya nutse wajen ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca (Onitsha). Aka yi sadakar uku da ta bakwai. Buba, wanda dama shi ne ɗan aike tsakaninsu, shi yake karanta mata wasiƙun, ya fito nema, aka ba shi. A 1970 sai ga Sale da ransa, yana ɗingishi, Dije kuma da goyo. Buba ya ci amana ko bai ci ba? Ita kuma ta zauna ko ta fito?

Yarima na Pantami: Wa alaikumus salam Adda. Wannan ai ba ya buƙatar muhawara. An ba kura ajiyar nama. Kana can harsashi na wucewa ta kanka, wanda kake ba wa goro da turare ya kai mata yana nan yana gyara zama a zauren gidansu. Ki raba auren, ki mayar wa soja matarsa, Buba kuma shanunsa su mutu.

Maman Walid: Kai Yarima, shanun me suka yi maka?

Bappa Hedimasta: Shanun ba sai Yarima ya kashe su ba, yaƙin ya riga shi karya kasuwarsu. Ummu Hanan, ki duba wannan da kyau don zai canza miki Buba. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya ƙarasa Maiduguri a 1964. Fataken shanu da yawa Gabas suke kaiwa, ta Kafanchan da Makurɗi su gangara Inugu har Umahiya, inda babbar kasuwar shanu take da zangon Hausawa. Daga tarzomar 1966 hanyar ta lalace, da aka fara yaƙi kuma ta rufe ɗungurungum. Wanda yake bin bashi a can ya yi asara, wanda yake da ƙarfi ya karkata Ibadan da Ikko. To ɗan gidan fatake a 1968 ba lallai mai kuɗi ba ne, yana iya zama ɗan gidan da arzikinsa ke zubewa. Kada ki sa uban Dije ya ba shi don kwaɗayi, zai zama labarin da muka saba ji.

Sannan lokacin nan Gombe tana ƙarƙashin Lardin Bauchi ne, cikin Jihar Arewa maso Gabas da Gowon ya ƙirƙira ranar 27 ga Mayu 1967, hedikwata Maiduguri, gwamna Musa Usman. Sadaki da fam da sule za ki biya, naira sai 1973. Labarin fagen fama kuwa a Rediyo Kaduna ake ji, ko a kewaye mai karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a bakin kasuwa.

Ummu Hanan: Allah ya ƙara girma Bappa. Maganar Umahiya ta buɗe mini ƙofa, don dama ina neman abin da zai hana Buba tafiye-tafiye ya zaunar da shi a gari.

Ustaz na Bolari: Bari a raba abu biyu da Yarima ya cakuɗa. Ya ce a mayar wa soja "matarsa". Ba matarsa ba ce. Baiko alkawari ne, ba aure ba, babu idda, babu takaba. Da an ɗaura kafin ya tafi, da maganar ta zama ta matar wanda ya ɓace, wadda a Risala aka ce ta kai ƙara wurin alƙali, a yi cigiya, a ɗibar mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ware hukuncin wanda ya ɓace a fagen yaƙi daban, jiransa bai kai haka ba. Duk wannan bai hau kan Dije ba.

Abin da zai iya hawa kan Buba shi ne hanin neman aure a kan neman ɗan'uwa bayan an riga an amince wa na farko. To amma an yi wa na farkon sadakar bakwai. Wa zai ce ana nema a kan neman mamaci? Aurensu ingantacce ne. Wanda ma ya kamata a ja wa kunne yanzu Sale ne: in ya koma yana aika mata tsofaffi yana zuga ta ta fito, ya faɗa cikin hadisin da ya yi tir da mai ɓata mace ga mijinta.

Yarima na Pantami: Malam, ba halacci nake tambaya ba, mutunci nake tambaya. Akwai halal ɗin da ɗan halak ba ya yi. Duk 'yan matan Gombe sun ƙare ne sai budurwar abokinka? Adda ga shawara: ki sa akwai wasiƙa ta uku, ta iso hannun Buba, ya karanta ya ga Sale na raye, ya cusa ta a murhu. Shi ke nan kowa ya huta.

Ustaz na Bolari: In haka ne ya yi zunubi babba, ƙarya da yaudara. Amma ko a nan, ɓata irin wannan aure kafin tarewa ake yi. Bayan tarewa da haihuwa ba a rushe shi da wannan dalili, sai in ita ta nemi saki ko hul'i.

Ummu Hanan: Wasiƙar nan ta uku ita nake gudu tun farko, Yarima. Ina sa ta, labarin ya mutu. Mai karatu zai samu wanda zai zaga ya kwanta barci. Ni Buban da ke kaina ya yi kukan mutuwar Sale da gaske, shi ya sayi geron sadaka, kuma da gaske ya daɗe yana son Dije yana haɗiyewa. Ranar da ya ji labarin nutsewar nan zuciyarsa ta yi abu biyu a tare, ɗayan bai taɓa gaya wa kowa ba. Wannan nake so na rubuta.

Abba Kumo: Tambaya ɗaya. Me ya sa sai Buba ne zai karanta mata? In sun yi makarantar allo ai Sale zai rubuta da ajami, ita ma ta karanta abinta.

Ummu Hanan: Sale bai yi nisa a allo ba, tasha ta ɗauke shi. Wani kofur yake rubuta masa da boko, Buba kuma ya yi elementare. Kenan kalmomin Sale ne, hannun kofur, muryar Buba. Dije ba ta taɓa jin "ina begenki" daga bakin Sale ba, kunya ba ta barinsa. Daga bakin Buba ta fara jinta, a soro, ƙanwarta na riƙe da fitila.

Maman Walid: To ai kin gama da mu. Yarinyar nan ba ta ma san wa take so ba.

Hajiya Goggo: 'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu ina dariya. Kuna ta Sale, kuna ta Buba, kamar an kira Dije an ce zaɓi. Ni ina yarinya aka yi yaƙin nan, ina tallan dakuwa a wajen tasha, kuma na ga yayyenmu da aka yi wa aure lokacin. Yarinya ta kai sha huɗu, sha biyar a gida, uwarta ba ta da sukuni a gidan biki. Wane uba ne zai ajiye budurwa shekara uku yana jiran wanda ko kabarinsa ba a gani ba? Ko labarin mutuwa bai zo ba, da an ga shiru ya yi yawa za a tattara kayan baiko a mayar wa iyayensa, a ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Kuma a ganin manya ba wa abokinsa ita karamci ne, ba cin fuska ba. Cewa za a yi gida bai ƙoshi ba, kuma yaron an san asalinsa. Wataƙila ma uwar Sale ce za ta fara cewa a ba Buba, don ta riƙa ganin yarinyar.

Sannan ku daina ɗauka soja abin so ne a wurin iyaye a da. Kafin yaƙi in yaro ya shiga soja cewa ake ya fi ƙarfin gida. Ana cikin yaƙin ne abin ya juya, suna zuwa hutu da kuɗi a aljihu, da rediyo, da agogo, 'yan mata na leƙe ta katanga. Masu keke da masu teburi suka shiga uku. An yi auren soja na kwana bakwai da yawa, ya koma, wata ba ta sake ganinsa ba, wata sai akwatinsa.

Abin da zan ce miki 'yata: Dije ba za ta fito ba. Ba don ta daina son Sale ba. Ina za ta kai goyon? Wa zai karɓe ta a gidan ubanta? Za ta zauna, ta riƙa jin muryarsa a layi tana ci gaba da tankaɗe. Na san mata biyu da suka yi irin wannan zama har suka tsufa, kuma ba za ka ce ba su ji daɗin mazansu ba.

Yarima na Pantami: Hajiya da girmanki, amma wannan ai zalunci ne.

Hajiya Goggo: Ban ce adalci ba ne ɗan nan. Na ce haka aka yi.

Ɗan Bariki: Ni ta wani gefen zan shigo. Mahaifina sojan yaƙin nan ne, a bariki na tashi a Bauchi, cikin waɗanda suka dawo. Adda, da kika ce wasiƙa daga Asaba, kin san rundunar da kika jefa Sale? Runduna ta 2 ce ta Murtala Muhammed, wadda aka haɗa da gaggawa bayan sojojin Biyafara sun kutsa Jihar Tsakiyar Yamma a watan Agusta 1967 har suka kai Ore. An cika ta da sababbin ɗauka, horon 'yan makonni. Haka yaƙin ya tafi gaba ɗaya: sojan da bai wuce dubu 10 ba kafin a fara, ya kai wajen dubu 250 a ƙarshe. Saboda haka yaron mota ya zama soja a damina ya tsinci kansa a bakin Kwara da kaka, wannan ya zauna daidai.

Nutsewar ma ta zauna. 'Yan Biyafara sun karya gadar da ta haɗa Asaba da Anaca, aka ce a ƙetare da jiragen ruwa a watan Oktoba, aka gwada ba sau ɗaya ba, aka yi asarar mutane mai yawa. Sai da aka zagaya ta Idah aka biyo ta ƙasa kafin a ci Anaca a watan Maris 1968, a ƙarshen watan kuma aka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a Abagana, motocin mai da na harsashi suka ƙone.

Amma ga abin da ba a so a faɗa. Ranar 7 ga Oktoba 1967 sojojin tarayya sun tara mutanen Asaba, suka ware maza da samari suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Sale yana garin a makon nan. Ya harba? Ya tsaya yana kallo? Ya ɓoye wani? Duk wanda kika zaɓa, mutumin da ya sauka a tashar Gombe a 1970 ba shi ne wanda ya hau ba. Mu da muka tashi da su mun sani. Akwai mai ihu cikin dare, akwai wanda ƙarar faɗuwar kwano ke sa shi kwanciya ƙasa, akwai wanda kwalba ta cinye. Babana mutum ne mai barkwanci, amma ka ambaci kogin nan sai ya tashi ya bar wurin. Kuna ta tambaya ko Dije za ta koma masa. Ku tambaya ko shi yana da abin da zai zauna da mace da shi.

Yarima na Pantami: To fa, an fara. Kullum sai a ce mu ne masu laifi. Su wa suka fara? Wa ya kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa ranar 15 ga Janairu 1966? Kabarin Firayim Minista yana nan Bauchi, je ka gani. Labarin soyayya aka ce, ba shari'ar sojojinmu ba.

Bappa Hedimasta: Yarima, zauna. Kisan Janairu gaskiya ne, kuma babu wanda ya ji zafinsa kamar mutanen lardin nan. Wasu hafsoshi ne suka yi shi. Amma wanda aka bi da adda a watan Mayu da Satumba na shekarar, a garuruwan Arewa har da Bauchi da Gomben nan, ba hafsa ba ne. Akawun reluwe ne, da tela, da mai kanti, da matar da ke sayar da garin rogo. Dubbai suka mutu a faɗin Arewa, sauran suka cika jiragen ƙasa suka gudu. A cikin Biyafara kuma yunwa ta kashe mutanen da yawancin ƙiyasi ke cewa sun kai miliyan ko fiye, akasari yara. Faɗin wannan bai goge wancan ba. Kuma akwai Hausawa da Fulanin da suka ɓoye maƙwabtansu a rumbu da ɗakin matansu, suka raka su tasha da dare, wasu suka riƙe musu gidaje da kuɗin haya har suka dawo. Marubuciyar da ta kafa labari a Gombe ta wancan zamanin dole ta gaya mana inda Sale da Buba suke a ranakun nan.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a yi hattara da lafazi. Tarihi muke tattaunawa don labari, ba zagin ƙabila ba. Wanda ya wuce gona da iri zan goge.

Nana 'yar Wunti: Ban cika magana a nan ba, amma yau dole. Kakata ta wajen uba Inyamura ce, ko in ce Ibo, don ba ta son waccan kalmar. Kakanmu ya zo da ita Bauchi bayan yaƙi, daga wani ƙauye a wajen Owerri. Ta musulunta, ta haifi takwas, Hausarta ta fi tawa, in ba an gaya maka ba ba za ka sani ba sai in ta yi miyar ganye. Muna yara ana ba mu labarin kamar na fim: soja ya ga yarinya ya so ta ya aure ta. Sai da na yi aure na haihu ta gaya mini da bakinta cewa ƙannenta biyu sun riga sun kumbura sun mutu, saura ɗaya, kuma sojan nan yana da gwangwanin kifi da gishiri. Ta ce ba a ɗaure ta ba, ba a kuma tambaye ta ba. Na ce to Kaka kin so shi? Ta ce ya riƙe ta da mutunci, bai taɓa bari kishiya ta goranta mata ba, da ya rasu ta yi kukan da ba ta yi wa ubanta ba. Ban sake tambaya ba.

Ita an yi sa'a. Wasu ƙwace su aka yi ƙarara, wasu aka bar su a tasha da ciki. Don haka Anti, shekara biyu da 'yan watanni da Sale ya yi shiru, a ina yake? In fursunan yaƙi ne, to. In kuma ruwa ya kai shi gaɓa wata ta tsince shi ta yi jinyar ƙafar, ko daga baya ya koma cikin runduna ya zama shi ne mai gwangwanin kifi, to kada ki dawo da shi shi kaɗai.

Maman Walid: Allahu akbar. Nana, Allah ya ƙara wa Kaka lafiya. Wato ya sauko daga jirgi da mace a bayansa, yana zuwa yana cewa an ci amanarsa?

Yarima na Pantami: Ai namiji mijin mace huɗu ne. Ko ya zo da wata, alkawarin Dije na nan.

Maman Walid: Ka ji ka. Shi da yake da rai ya san tana da rai ya yi aure, ba laifi. Ita da aka ce mata ya mutu aka yi sadaka, ita ce mai laifi.

Yarima na Pantami: Ni ban ce Dije na da laifi ba, Buba na ce.

Abba Kumo: Ni fa ina tare da Yarima rabi. Ko babu wasiƙa ta uku, akwai abin da Buba zai iya yi bai yi ba. Ya je bariki ya yi cigiya? Ya nemi wani na biyu da ya ga abin? Shaidar mutum ɗaya mai rauni, wanda shi kansa da ƙyar ya fita daga ruwa, ita ya karɓa da sauri don ta yi masa daɗi. Bai yi ƙarya ba, amma bai so ya bincika ba. A nan laifinsa yake, kuma shi kaɗai ya sani.

Ummu Hanan: Abba, wannan zan ɗauka. Buba zai shirya tafiya Kaduna cigiya, har ya sayi tikiti, sai ya fasa ya ce wa kansa zazzaɓi ne. Sale kuma zai dawo da mace, kuma ba zan sa ta zama muguwar kishiyar labari ba. Inda nake kokwanto shi ne haɗuwar Dije da ita. Ina ganin a gidan uwar Sale, ranar da Dije ta je yi masa barka da arziki.

Hajiya Goggo: Matar aure mai goyo ta je gidan tsohon saurayinta barka? Ba a Gomben da na sani ba. Sai dai suna ko rasuwa. Ki sa baƙuwar ta haihu, ba ta da kowa, ba ta jin Hausa, babu mai yi mata wankan jego. Uwar Sale ta tsufa ba ta iya ɗaukar tukunya. Nan ne Dije za ta shiga gidan ba wanda ya ce uffan, kuma sai da izinin Buba.

Yarima na Pantami: Kuma ya bar ta ta je?

Hajiya Goggo: In bai bar ta ba unguwa za ta ce yana tsoron gurgu. In ya bar ta kuma shi da barci sai bayan arba'in.

Ɗan Bariki: Adda in kin zo wajen aikin da Sale zai yi bayan an sallame shi, ki tambaye ni. Masu rauni da yawa gadi suka koma, a ma'aikatu da gidan gurzar auduga. Kin ga uban Dije na harkar auduga, ko da wannan za ki iya sa su riƙa haɗuwa kullum a bakin ƙofa.

Ummu Hanan: Zan neme ka Hamma. Nana, don Allah ko Kaka za ta yarda in zo Bauchi in gaishe ta? Ba zan rubuta sunanta ko garinsu ba.

Nana 'yar Wunti: Zan tambaye ta Anti, amma ban yi alkawari ba. In ta yarda kada ki zo da abin ɗaukar murya, kuma ki bar ta ta fara da kanta. Ki taho mata da man ja mai kyau, tana cewa na kasuwar nan duk gauraye ne.